Sabon keke mai sanda biyu a hanyar lambunan Maiurno

Tun daga watan Afrilu na 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan, man fetur ya zama abin da ake samu da ƙyar, kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku, da na hafila, wato bas, kuma suka riƙa hawa babu sauka, har ta kai mutum irina, mai koyarwa a cikin gari wanda yake da ɗan lambu a kudancin Maiurno, sai ya zauna ya yi lissafin aljihunsa kafin ya je duba shukarsa. Wannan lissafi ne ya kai ni kasuwar Sinnar neman keke, ko ajala kamar yadda muke faɗa a nan, bayan na yi fiye da shekara ashirin rabona da taka feda. Abin da zan bayyana shi ne yadda keken ya kasance a fitarsa ta farko zuwa karkara, tafiyar kilomita 34 zuwa da dawowa bisa ƙidayar wayata, domin a irin wannan tafiya ce ake ganin abin da ba ya bayyana a ƙofar shago.

Keken baƙi ne, ƙirar China, daga cikin waɗanda ake yi a kan siffar tsofaffin Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau har suka bar wa 'ya'yansu, ko da yake shi ba ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba ne. Tayarsa mai inci 28 ce, yana da sanda biyu a sama maimakon ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe ne ba na waya ba, giyarsa ɗaya tak, sarƙarsa kuma a rufe take ruf cikin gidan kwano. A baya akwai kariya mai faɗi da ƙafar tsayuwa wadda take ɗaga tayar baya daga ƙasa idan an kafe shi. Na ɗora shi a kan sikelin wani mai sayar da albasa, ya nuna kilo 21, nauyin da duk wanda ya saba da kekunan zamani zai ga ya yi yawa, kuma lalle yana da yawa idan ɗauka za a yi a haura da shi gaɓar kogi.

Mai shagon ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini shayi daga wurin mai shayin bakin layi, kuma bai ɓoye mini cewa akwai wanda ya fi wannan araha da wanda ya fi shi tsada ba. Ya so ya karkata ni zuwa ga kekuna masu giya da yawa da sifirin a gaba, waɗanda samari suke rububinsu, amma na riga na yanke shawara tun daga gida. Keke mai giya da yawa yana da ƙananan sassa a waje waɗanda ƙurar rani da lakar damina suke shiga, kuma idan ɗaya ya lalace sai an nemo irinsa daidai, alhali wannan tsohuwar ƙira babu ƙauyen da za ka shiga tsakanin Sinnar da Sinja ka rasa wanda ya san cikinta. Na biya ta Bankak, manhajar banki ta waya, aka fito da keken daga kwali, wani yaro ya harhaɗa shi a gabana cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, aka ƙara mini da famfon iska da ƙararrawa. Na kewaya layin sau biyu, ban ji wani motsi da ya dame ni ba, na ɗora shi a bayan motar kaya zuwa gida. Saurin yaron ya burge ni a ranar, amma daga baya na gane cewa a cikin wannan saurin ne kusan duk matsalolin da na gamu da su suka samo asali.

Ga mai karatu da bai san yankinmu ba, ya kamata in faɗi irin ƙasar da aka gwada keken a kanta, domin keke da ƙasarsa ake auna shi. Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, yana kan gaɓar yamma ta Nil Azraƙ, reshen kogin Nilu da ke gangarowa daga Habasha, kimanin kilomita 15 kudu da Sinnar. Madatsar ruwan Sinnar da aka kammala a 1925 tana ƙasa da mu, shi ya sa kogin yake da faɗi da nutsuwa a gabanmu, lambunan ayaba da mangwaro da albasa kuma suka bi gaɓa. Da zarar ka bar gaɓar ka yi yamma, sai baƙar laka shimfiɗe iya ganinka, wadda take kama ƙafa kamar danƙo da damina, da rani kuma ta bushe ta tsattsage har hannun mutum ya shige cikin tsagar. Babu tudu, babu dutse. Abokan gabar keke a nan su ne tsagar ƙasa, ƙaya da iska.

Na fita ranar Asabar a cikin watan Janairu bayan sallar asuba, sanye da 'yar riga da wando, jallabiyata kuwa na naɗe ta na ɗaure a kariya tare da galan na ruwa da ɗan dabino. A nan zan faɗi wani abu game da sanda biyun: suna ƙara wa keken ƙarfi ƙwarai, amma mai doguwar riga dole ya tattare ta kafin ya ɗaga ƙafa, kuma gajeren mutum zai sha wahalar tsayawa a kansa. Rufin sarƙar ne ya rama wannan, domin ko da jallabiya ka hau, bakinta ba zai shiga sarƙa ba, baƙin mai kuma ba zai taɓa ta ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa makaranta ko masallaci da fararen kaya.

Kilomita shida na farko a kan kwaltar da ta nufi Sinja da Damazin na yi su, iskar arewa ta lokacin sanyi tana tura ni ta baya. A nan keken ya nuna kyakkyawan halinsa. Yana da ɗan nauyin tashi, amma idan ya ɗauki gudu sai ya riƙe shi, ya miƙe sak ba tare da rawar kai ba, ko da babbar mota ta wuce ta watso maka iska. Zaman da ake yi a kansa zama ne na miƙe, ƙirji a buɗe, ido yana kallon gaba, ba a duƙe kamar mai neman abu a ƙasa ba, saboda haka wuya da baya ba su gaji ba. Na ƙirga haƙoran farantin gaba 44, na baya 18, wanda yake nufin kowane zagaye ɗaya na feda yana kai mutum kusan mita 5 da rabi. A kan kwalta da iska a bayanka wannan daidai yake, ƙafa tana juyawa a natse, ba ka jin komai sai ƙarar taya a kan hanya.

Gwaji na gaskiya ya fara ne inda na saki kwalta na bi hanyar amalanken jaki, wato karo, wadda ta ratsa gonakin dawa da riɗi da aka riga aka girbe. Hanyar ƙafafun karo ne suka fitar da ita tun ƙasa tana da danshi, ta bushe da ramukanta da kofaton shanu a jiki, ga kuma tsagogi suna ratsa ta ko'ina. Babbar taya ita ce ta cece ni a nan. Taya mai inci 28 tana haye tsaga kafin ta faɗa ciki, inda ƙaramar taya za ta dunguri baki ta girgiza mahayi har haƙori. Tsawon keken daga taya zuwa taya da lanƙwasar ƙafafunsa na gaba suna shanye wani kaso na girgizar, sifirin da ke ƙarƙashin sirdi kuma ya shanye saura. Na yi kusan kilomita huɗu a wannan hanya ban sauka ba, kuma ban ji tsoron cewa wani abu zai karye a ƙarƙashina ba. Wannan shi ne abin da na fi yaba wa keken, kuma shi ne dalilin da ya sa duk abin da zan faɗa a gaba bai sa na yi nadamar sayensa ba.

Sai dai girgizar da jikin keken ya jure, ɗaurin da aka yi masa a shago bai jure ta ba. Da farko na lura gwiwoyina suna ƙara tasowa sama, ashe sirdin ne yake zamewa ƙasa a hankali saboda notin da ke riƙe da shi bai ɗauru ba. Na sauka na ɗaga shi na ɗaure da sifana. Ba a jima ba sai na fara jin wani ɗan bugu a ƙafar hagu, ƙwas, ƙwas, duk lokacin da feda ta zo sama za ta gangara. A irin wannan keke, hannun feda yana manne da sandar tsakiya ta hanyar wata 'yar ƙusar ƙarfe mai gefe ɗaya a fere, wadda ake bugawa da guduma har ta zauna daram, sa'an nan a ɗaure notinta. Yaron shagon bai buga ta ba, noti kawai ya ja, kuma noti shi kaɗai ba ya iya zaunar da ita. Idan aka ci gaba da takawa a haka ƙusar takan cinye, ramin ya buɗe, gyaran da ba ya buƙatar komai ya koma na sayen sabon ƙarfe. Da yake babu dutse a wannan ƙasa, sai da na tura keken har inda na sami wani guntun ƙarfen garma da aka yar a gefen gona, na tallafe hannun fedar da itace, na buga ƙusar har ta shige, bugun kuwa ya ɗauke.

Daga nan hanya ta karkata gabas ta shiga dajin bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan, irin dajin da ruwan kogi yake shiga lokacin cika ya janye ya bar ƙasa mai laushi a ƙarƙashin inuwa. Wuri ne mai daɗin tafiya, sanyi yana fitowa daga kogi, kurciyoyi suna kuka, hasken safiya yana ratsowa ta cikin ganye. Amma duk inda bagaruwa take, ƙayarta tana ƙasa. Ban yi rabin kilomita ba na ji bayan keken ya yi nauyi, rim ya fara dukan ƙasa. Na kafe shi a kan ƙafarsa, na juya tayar a hankali ina shafawa da yatsa, sai ga farar ƙaya ta shige tsakiyar tayar, ta karye ta bar ɗan kanta kamar ƙwayar shinkafa.

Cire tayar baya a keke mai rufin sarƙa da birkin sanda aiki ne mai cin lokaci, don haka ba a cire ta saboda faci. Na kwance bawul, na ɓanɓare gefe ɗaya na tayar, na zaro tif ɗin ta nan yana rataye a jikin keken, na ɗan hura masa iska, na zuba ruwa daga galan a tafin hannu ina bin sa har na ga inda kumfa take tashi. Na goge wurin, na shafa sholisho, na jira ya sha iska har ya daina ƙyalli, na manna faci na danne da babban yatsa, sa'an nan na zare ragowar ƙayar daga cikin taya, domin wanda ya manta da wannan zai sake faci kafin ya yi taku ɗari. A nan ne na ga abubuwa biyu da ba su yi mini daɗi ba. Tif ɗin da ya zo da keken siriri ne ƙwarai, kusan kamar fatar albasa idan aka ja shi, kuma robar da aka shimfiɗa a cikin rim domin ta rufe kawunan wayoyin taya ta goce a wurare biyu, ƙarfe yana taɓa tif kai tsaye. Famfon da aka ba ni kyauta kuwa iskar da yake zubarwa ta gefe ta kusa kai wadda yake turawa ciki, sai da na yi gumi a cikin sanyin nan kafin tayar ta tsaya.

Ina cikin haka wani dattijo ya fito daga lambunsa da fartanya a kafaɗa. Na yi masa sallama na ce, "Baba, sannu da aiki." Ya amsa, ya durƙusa ya matsa wayoyin tayar biyu-biyu da hannunsa kamar mai duba ƙafar doki, ya ce, "Malam, ƙarfen nan mai kyau ne, amma ba a gama haɗa shi ba. Ka ji waɗannan sun saki? Kada ka ɗora masa buhu sai ka kai shi wurin ajalati, mai gyaran keke, ya ja su." Na gode masa, kuma da na matsa da kaina na ji gaskiyarsa, wasu wayoyin a miƙe suke kamar tsirkiya, wasu kuwa suna lanƙwasa a ƙarƙashin yatsa.

Saboda maganarsa ban yi wa keken lodin da na yi niyya ba. A lambuna na ɗaure nonon ayaba ɗaya da ɗan ƙunshin albasa a kariya, abin da zai kai kilo ashirin, kuma keken bai nuna ya san an ɗora masa komai ba. Kariyar ba ta karkace ba, kan keken bai yi rawa ba, nauyin ma kamar ƙara masa zama ya yi a kan hanya. Ƙafar tsayuwar ta yi amfani sosai a nan, domin tana riƙe keken a miƙe yayin da kake ɗauri da hannu biyu, ba kamar 'yar sandar gefe da take barin keke ya kife da kaya ba.

Birki ne abin da nake so mai saye ya yi hattara da shi. A busasshiyar hanya yana kamawa gwargwado, ko da yake sai an matsa da ƙarfi. Amma a bakin wani lambu inda ruwan injin ban-ruwa ya malalo ya ratsa hanya, na bi ta cikinsa, rim ya jiƙe, da na zo gangaren da ke gaba na matsa birki sai keken ya ci gaba da tafiya kamar ban taɓa komai ba, sai bayan tayar ta yi wasu zagaye robar ta share ruwan sa'an nan ya kama. Wannan hali ne na kowane rim na ƙarfe mai sheƙi idan ya jiƙe, ba na wannan keke kaɗai ba, amma wanda bai sani ba zai iya samun kansa a cikin rami, musamman da kaya a baya ko yaro a kan sanda. Dabarar ita ce a riƙa ɗan matsa birkin da zarar an fito daga ruwa domin ya bushe kafin a buƙace shi. Ban da haka, birkin sanda yana jan robarsa ne sama ta dafe cikin rim, don haka idan rim ɗin bai daidaita ba sai ya riƙa kamawa yana saki, kuma na ji alamar hakan a tayar gaba.

Dawowa ta fi zuwa wuya nesa ba kusa ba. Rana ta ɗaga, iskar arewa da ta raka ni da safe ta dawo tana dukan ƙirjina, zaman miƙen da na yaba ya mai da jikina kamar tabarmar da aka shanya a gaban iska, giyar nan ɗaya kuma ta zama mai tauri. Kilomita shidan kwalta da na yi cikin kimanin minti ashirin da safe sai da suka ci mini kusan minti arba'in, na tsaya sau ɗaya a wata rumfa na sha ruwan randa. A wannan wuri kaɗai na tuna da kekuna masu giya da mai shagon ya nuna mini, kuma adalci ne in ce wanda tafiyarsa ta kullum doguwa ce a kan kwalta ba tare da kaya ba, zai fi jin daɗin ɗaya daga cikinsu. Sirdin ma, wanda roba ce aka yi mata kamar fata, ya fara zafi da tauri bayan awa uku.

Washegari na kai keken wurin wani ajalati a kasuwarmu, dattijo wanda ya fi shekara talatin yana wannan sana'a, ya riƙe shi wuni guda. Ya ja wayoyin tayoyin biyu ya daidaita rim har ya daina layi, ya buɗe tsakiyar keken da cibiyoyin tayoyin ya tarar da giris ɗin da ke ciki bai wuce a shafa a leɓe ba, ya cika su, ya sake buga ƙusoshin feda, ya daidaita sandunan birki. Ya canja tif biyun da masu kauri, ya gyara shimfiɗar cikin rim, ya kuma yanka tsohon tif ya shimfiɗa shi a cikin kowace taya domin ƙaya ta sami abin da za ta fara ratsawa. Da na ba shi labarin iska, ya ce, "Ustaz, ka sa na baya mai haƙori 20, za ka rasa ɗan gudu amma gwiwarka za ta gode maka." Na yarda, aka sa, yanzu kowane zagaye yana ba ni kusan mita 5, kuma bambancin a fili yake idan akwai kaya ko iska. Ya kuma ba ni 'yan robobin bawul guda uku in ajiye a aljihu, domin zafin ƙasar nan yana busar da su, iska ta riƙa zurarewa mutum yana zaton faci ne. Duk aikin da kayan da aka canja, har da sabon famfo, bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin keken ba, kuma ina ganin da mai shagon ya ƙara wannan a kan farashi ya ba yaronsa wuni guda maimakon awa ɗaya, da ya fi kyautata wa masu sayayya a wurinsa.

Ga manomi, ko malamin makaranta, ko mai kai kaya kasuwa a ƙauyukan bakin kogi, ina ba da shawarar wannan keke ba tare da shakka ba, da sharaɗin daga shago ya wuce wurin ajalati kafin ya ga hanyar gona, kuma a sa kuɗin tif mai kauri da famfo na ƙwarai a cikin lissafi tun farko. Ban ba da shawararsa ga yaro ko gajeren mutum ba, haka nan wanda zai riƙa haurawa da shi bene. Da damina kuma babu keken da zai bi baƙar lakar nan, domin takan cushe tsakanin taya da murfinta har tayar ta daina juyawa, saboda haka daga Yuli zuwa Satumba a kan kwalta zai tsaya. Tun bayan gyaran na koma lambun sau biyar ta hanyar dajin bagaruwa, sau biyu da buhun albasa a baya, faci ɗaya kawai na yi, ƙusar fedar hagu kuma ba ta sake motsi ba.